ƘARYAR GIDANMU: YADDA A KE DASA TA DA YADDA A KE AIKA DA ITA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, kada kan wannan magana ya sa ku zaci zan yi bayani ne a kan ƙarya irin wadda Malamin Addini ya ke hana mu. Ƙaryar da na ke nufi itaciya ce, gajeruwa mai ƙaton gindi da rassa masu taushi, wadda ta ke fid da fure ja-ja mai fari a tsakiya. Babban abin sha'awa gare ta shi ne a tsakiyar rani ta ke yin furen nan, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙarau, itatuwa da yawa kuma suka kaɗe. Sau da yawa ma za ka ga babu ganye ko ɗaya a jikinta, sai fure kawai. Hausawa na cewa ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya, kuma duk wanda ya san itaciyar nan ya san cewa maganar ta hau kanta daidai, domin a gidaje da wuya ka ga ta yi 'ya'ya. Zan komo kan dalilin haka a can gaba.

Ni mutumin Daddara ne, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. A tsakar gidanmu, kusa da rumbu, akwai wata tsohuwar ƙarya wadda kakata ta dasa tun kafin a haifi mahaifina. Ta kai ni tsawo, gindinta kuwa sai ka sa hannu biyu kafin ka kewaye shi. Tun ina ƙarami na ke ganinta, ban kuwa taɓa ɗaukarta a bakin kome ba, sai dai mu rataya buta a jikinta. Sai da na shigo wannan makaranta, Malaminmu na Aikin Gona ya nuna mana hotonta a wani littafi, sa'an nan na san cewa abin nan da mu ke rainawa yana da daraja a duniya. Masana tsirrai na kiranta Adenium obesum. Kalmar farko daga sunan Adan ne, wani gari a ƙasar Yaman, ta biyun kuwa ma'anarta mai ƙiba, saboda gindin nan nata. Turawa na yi mata laƙabi da wardin hamada. Asalinta ƙasashenmu ne na bakin hamada, tun daga Sanagal har Sudan da Gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. A ƙasashen sanyi cikin ɗaki a ke ajiye ta kusa da taga, domin in ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 ta kan wahala. A Tailan da Taiwan kuwa akwai manoman da ba su da wata sana'a sai ita. Sun fid da masu fure ja wur da fari fat da masu zane-zane da masu ninki kamar wardi, suna aurar da su kamar yadda masu lambu su ke aurar da mangwaro, suna aikawa ƙasashen duniya ta jirgin sama.

Abin da ya sa na shiga harkar nan gadan-gadan shi ne auren Yayata. An kai ta Maraɗi bayan Ƙaramar Salla ta 2023. Ba ta daɗe ba ta aiko cewa gidan da ta ke zaune siminti ne ko'ina, babu ko tsiro ɗaya, tana so a aika mata da reshen ƙaryar Kaka. Da na je gida hutun tsakiyar zango na ce wannan ai aikina ne, tun da ni ne ɗan makaranta. Na sari reshe mai kyau, na cika gwangwanin madara da baƙar ƙasar fadama, na soka shi nan take yana zubar da ruwa. Safe da yamma ina ba shi ruwa. Kaka tana zaune a kan tabarma tana kallona, sai ta ce, "Kai maigidana, ƙarya ba ta son gata. Ka bar shayar da ita kamar jinjiri." Na yi dariya, na ce a raina me tsohuwa ta sani game da kimiyya. Ranar da za a tafi da shi na ƙara masa ruwa, na ɗaure gwangwanin da reshen duka a cikin leda don kada ya bushe a hanya, na ba Kawuna da ya ke zuwa Maraɗi fatauci. Da Yaya ta kwance ledar sai wari ya buge ta. Reshen ya yi baƙi daga ƙasa, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa.

Da na komo makaranta na kwashe labari na gaya wa Malam. Bai yi mini dariya ba, sai ya yanko ɗan reshe daga wadda ke bakin ofis ya tsaga shi biyu ya nuna mini cikinsa. Babu ƙwarin itace sosai, tsoka ce mai cike da ruwa. Ya ce itaciyar nan randa ce da kanta, tana tara ruwa da damina a gindi da rassa, ta ci da shi rani. Saboda haka ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba, abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ya kwanta a saiwarta, domin a nan ne ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da tsiro su ke samun wurin zama. Ɗanyen yanka kuwa ƙofa ce a buɗe gare su. Watau dai na yi kuskure huɗu a lokaci guda: na dasa yanka bai warke ba, na sa ƙasa mai riƙe ruwa, gwangwanina ba shi da huji, na kuma rufe da leda. Abin da Kaka ta faɗa mini cikin magana guda, shi Malam ya ɗauki rabin sa'a yana yi mini bayani.

To, ga yadda a ke yi, kamar yadda na koya, na kuma gwada har sau da yawa a lambun makaranta. Lokacin da ya fi dacewa da yankan reshe shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, ko farkon damina kafin ruwa ya yi ƙarfi. Kada a yanka da ɗari, domin a lokacin ta kan zubar da ganye ta huta, ba ta son yin saiwa. A zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin babban yatsa ko fiye, tsawonsa kamar taƙi ɗaya zuwa biyu. A yanke shi da wuƙa mai kaifi wadda aka wanke, yanka guda, ban da karyawa da hannu. A cire ganyen ƙasa, a dangwala bakin yankan a cikin toka ko garin gawayi, sa'an nan a jingine shi a inuwa inda iska ke shiga har kwana biyar ko mako guda. Nan ne mutane da yawa su ke kasa haƙuri, su ga kamar reshen zai mutu. Ba zai mutu ba. Jira za a yi sai bakin ya bushe ya yi ɓawo, kamar yadda miki ya ke yi in zai warke.

Maganar ƙasa kuwa, mu mutanen ƙasar Jibiya Allah ya hutar da mu, domin yashi ba ya yi mana wuya. Ni na kan haɗa kashi biyu na yashin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa da kashi ɗaya na tsohon taki wanda ya riga ya zama ƙasa, in barbaɗa gutsattsarin gawayi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. In ka jiƙa haɗin nan ka dunƙula a hannu, ka buɗe ya warwatse, to ya yi. In ya tsaya dunƙule kamar ƙwallon yumɓu, ƙara yashi. Mazubi kuma tilas ya kasance da huji a ƙasa, ba ɗaya ba, uku ko huɗu. Tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage ta fi roba da gwangwani, domin ruwa na fita ta jikinta, ba ta kuma ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe. A soka reshen zurfin gaɓa biyu na yatsa, a tokare shi da ɗan kara don kada ya motsa, a ajiye inda akwai haske amma ba rana mai ƙuna. Bayan kwana uku a yayyafa ruwa kaɗan, kada kuma a sāke sai ƙasa ta bushe. Cikin wata guda ko wata ɗaya da rabi za a ga sabon ganye ya leƙo a kai, alamar ya yi saiwa ke nan. Kada a riƙa ciro shi don a duba. Ni na kashe biyu ta haka.

In ta kama, sai a fid da ita rana sannu a hankali. Wannan yana da muhimmanci, domin wasu su kan ga Turawa na ajiye fulawa a ɗaki a talabijin, sai su ma su kai tasu ƙuryar ɗaki. Su sanyi ne ya tilasta musu. Ƙaryar da ba ta samun rana ta rabin yini aƙalla za ta yi tsawo ta siranta, ba za ta yi fure ba. Tsakar gida ko bakin zaure shi ne wurinta. Da zafi a ba ta ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, gwargwadon yadda ƙasa ke bushewa. Da ɗari sau ɗaya a mako biyu ya isa. Da marka kuwa a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa. Ka sa yatsa cikin ƙasar, in ka ji danshi ka mai da butarka.

Akwai gargaɗi guda da ba zan tsallake ba, musamman ga iyayenmu mata. Ruwan jikin ƙarya dafi ne mai taɓa zuciya. Danginta ɗaya da tumfafiya da kwankwani, wanda maharban dā su ke haɗa dafin kibiya da shi, ita ma a wasu sassan Afirka an yi amfani da ruwanta wajen dafin kibiya. Saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta, kada a murza ido, kada a yi aikin da wuƙar girki, a kuma kawar da ganye da guntayen reshe daga inda yara ko tumaki za su kai gare su.

Na gama koyon duk wannan ina ɗokin in sāke aikawa, sai al'amari ya juya. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka. Daga Magama zuwa Ɗan Isa, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, ta zama kamar wata uwa duniya. Kawu ya zauna gida, kasuwa ta yi sanyi. Cikin wannan hali ne, a watan Janairu na 2024, Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Yaya ba ta sami zuwa ba, ta waya aka yi mata gaisuwa. Bayan kwana arba'in ta kira ni, ta ce, "Ƙanena, ba na son kome daga kayan Kaka, ko zane ko ƙwarya. Reshen nan kawai na ke so, amma don Allah wannan karon ya iso da rai." Tun daga ranar abin ya tashi daga wasa.

Na shiga tambaya da karatu a kan yadda a ke tafiya da tsiro nesa. Ashe tsohuwar matsala ce. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, galibin tsirran da aka ɗauko daga wata ƙasa a hanya su ke mutuwa, saboda gishirin teku da ƙarancin ruwan daɗi. A 1829 wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ya lura da wani ɗan tsiro da ya fito cikin kwalba rufaffiya yana rayuwa ba a ba shi ruwa, domin tururin da ya tashi ya kan taru a jikin gilashi ya koma ƙasa. Sai ya sa aka ƙera akwatunan katako masu rufin gilashi, a 1833 ya aika da tsirrai a cikinsu zuwa Sidini ta Ostiraliya, suka isa lafiya bayan watanni a teku. Da irin akwatunan nan aka kai itacen shayi daga Sin zuwa Indiya, aka kuma kai dashen roba daga Ingila zuwa Asiya a 1876. Da na karanta wannan sai na gane cewa ledata ma ƙaramin akwatin Ward ce. Dabarar tana da kyau ga tsiro mai son danshi, amma ga ƙarya kabari ce. Ita akasin haka a ke yi mata, kuma haka 'yan kasuwar Tailan su ke yi: a bushe su ke aika ta, babu ƙasa ko kaɗan, ta yi mako biyu a kwali ba ta mutu ba.

Rabuwa da ƙasar nan ba don sauƙin kaya kaɗai ba ne. Malam ya ce ƙasa da jikin tsiro su kan ɗauki ƙwari da cututtuka daga wata ƙasa zuwa wata, ya kuwa ba mu misalin da ba zan manta ba. A 1973 aka fara ganin wani ɗan farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga a gonakin rogo na Kwango. Asalinsa Kudancin Amurka ne, kuma masana sun ɗauka cewa a jikin karan rogon da aka shigo da shi don dashe ya zo. Da ya ke babu abokan gabarsa a Afirka, sai ya bazu har Nijeriya, a wasu wurare ya lalata fiye da rabin amfanin gona. Sai da masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Kudancin Amurka mai kashe shi, suka fara sakinsa a 1981, sa'an nan aka shawo kan abin. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai a 1951, kuma doka ta ce tsiron da zai ƙetare iyaka a duba shi a ba shi takardar shaidar lafiya. A Nijeriya hukumar da a ke kira NAQS ce ke da wannan aiki. Mu mutanen bakin iyaka mun saba ganin Maraɗi kamar bayan gida, ga dangi can ga dangi nan, amma ƙwaro bai san zumunci ba.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Da na je hutun Salla, akwai rassa uku da na dasa daga ƙaryar Kaka tun bara, duk sun yi saiwa. Na zaɓi mafi ƙarfi na hana shi ruwa mako guda. Na kife tukunyar a hankali, na karkaɗe yashin, na wanke saiwar tas, na duba ƙarƙashin kowane ganye da kowace gaɓa ko akwai farin ƙwaron nan, domin ita ma ƙarya akwai irinsa da ke kama ta. Na shanya shi a inuwa kwana biyu, na cire manyan ganye don kada ya yi asarar ruwa. Sa'an nan na naɗe saiwar da tsohuwar jarida busasshiya, na kwantar da shi cikin kwalin sabulu da na huda a gefe, na cusa dunƙulallun takardu don kada ya yi ta gwaruwa a mota. A bayan kwalin na rubuta wa Yaya abin da za ta yi: ta dasa a busasshen yashi, ta ajiye a inuwa, kada ta ba shi ruwa sai bayan mako guda, kome tausayin da ta ji. Na roƙi Kawu kada ya cusa shi ƙarƙashin buhuna, kada kuma ya ɓoye shi a bakin iyaka, ya buɗe wa ma'aikata su gani. Ya ce, "Ɗana, wannan itace naka ya fi amarya sharuɗɗa." Ya dai kai shi. Bayan wata guda Yaya ta aiko da hoton sabon ganye, da rani ya zagayo kuma ta aiko da hoton fure biyar.

Saura maganar 'ya'ya da na yi alkawari. Ƙarya tana yin 'ya'ya. Su kan fito biyu-biyu kamar ƙahonin akuya, in sun nuna su tsage, iri ya fito mai gashi a kai da gindi, iska ta ɗauke shi kamar na tumfafiya. Abin da ya sa ba mu cika gani ba shi ne, da yawa daga cikin itatuwan nan ba su karɓar garin furen kansu, sai na wata dabam. A gari irin namu kuwa, kowa reshe ya ke karɓa daga maƙwabcinsa, saboda haka ƙaryar unguwa duka a haƙiƙa itaciya guda ce aka rarraba. Na bi gidaje shida a unguwarmu ina tambaya, biyar daga cikinsu daga wurin Kaka suka samu. Daga baya Yaya ta samo mini reshen wata mai jan fure sosai daga wata maƙwabciyarta a Maraɗi, ta aiko da shi a bushe yadda na koya mata. Da ta yi fure a lambun makaranta, ni da Malam muka tsaga gefen furen, muka ɗebo garin da tsinken tsintsiya muka sa a can cikin furen ta Kaka. Mun gwada fure tara, biyu suka kama. Na ɗaure ƙahonin da zare don kada su tsage iri ya tashi, bayan wata biyu da 'yan kwanaki muka kwashe. Wanda muka shuka ya tsiro cikin mako guda. Na iri ya fi na reshe yin ƙaton gindi, sai dai ba a sanin launin furensa sai ya yi, domin ba lalle ne ya ɗauko na uwarsa ba.

Abokaina a ɗakin kwana su kan tsokane ni cewa fure ba ya cika ciki. Gaskiya ne, ban kuwa ce a bar gero a shuka ƙarya ba. Amma wanda ya bi ta bakin titunan Katsina ko Kano ya ga masu sayar da fulawa, ya san akwai masu cin abinci da ita. Ni dai har yanzu ban sayar da ko ɗaya ba, kyauta na ke bayarwa, yadda Kaka ta ke yi. A yanzu akwai dashe goma sha huɗu a bayan ɗakin cin abinci, takwas na reshe, shida na iri. Na iri ba zan bayar ba sai na ga furensu. Na reshe kuwa, duk ɗalibin da ya ke so ya kai wa mahaifiyarsa, ya same ni a lambu ranar Alhamis bayan la'asar, a makon da za a tafi hutu. Ya zo da tsohuwar jarida da ɗan kwali, ban da leda.